Dalar gyaɗar Kano da lissafin da ba a yi wa manomi

Da wuya a yi kakar zaɓe a Kano ko Jigawa ba a ji ɗan takara ya yi alkawarin dawo da dalar gyaɗa ba. Jama'a na tafa masa, domin hoton nan na buhuna jibge har sama ya zame mana alamar zamanin da Arewa ke cin guminta. Ina ƙaunar wannan tarihi, shi ya sa nake son a karanta shi yadda yake. Duk wanda ya bi sawun gyaɗa daga 1912 zuwa yau zai tarar manomin Arewa bai taɓa zama malalaci ba. In kuɗin da ke isa hannunsa ya biya wahalarsa, sai ya faɗaɗa gona. In bai biya ba, sai ya koma wa gero da dawa. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne yawan abin da ake zaftarewa tsakanin sikelin ƙauye da kasuwar duniya, da kuma wanda ke zaftarewar.

Turawa ba don gyaɗa suka jawo layin dogo zuwa Kano ba. Layin ya iso a 1911, aka fara jigilar kaya sosai a 1912, kuma auduga suke hange. Masu masaƙun Ingila sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Mancesta tun 1902, suna neman inda za su samu madadin audugar Amurka, kuma an yi musu albishir cewa ƙasar Hausa ce za ta rufa musu asiri. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne Kano tana da masaƙanta da marinanta tun ƙarnuka, kuma masaƙin gida yana sayen auduga da farashin da ya fi na Bature. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai suka gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi margarin, sai buƙatar gyaɗa ta tashi.

Manomi ya yi nasa lissafin, kuma lissafinsa ya fi na Gwamna. Gyaɗa tana son jigawa, ƙasa mai rairayi irin ta Kano, Kazaure, Gumel, Haɗeja da Daura. Ana cusa ta tsakanin gero da dawa ba tare da an rage abincin gida sosai ba. Tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarta abincin dabbobi ce da rani, kuma in kasuwa ta ƙi sai a ci ta ko a matse mai. Auduga kuwa ba ta shiga tukunya, kuma mutanen da suka ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba sa buƙatar a bayyana musu wannan. Gyaɗar da Najeriya ke fitarwa ta tashi daga 'yan dubban tan kaɗan zuwa kusan tan dubu 19 a 1913, ba tare da wani shirin gwamnati ba.

Waɗanda suka haɗa manomi da kantin Bature su ne fataken goro, mutanen da suka saba da hanyar Gwanja, suna da jari, suna da yara a ƙauyuka, kuma an san amanarsu. Su ke raba gishiri da tufafi da kuɗi da damina, a biya su da gyaɗa da kaka. Mafi shahara cikinsu Alhassan Ɗantata, wanda ya zama wakilin saye na kamfanin Neja a 1918, ya ci gaba da hulɗa da magajinsa, kamfanin UAC, bayan an kafa shi a 1929, har rasuwarsa a 1955. Gwamnati ta shigo ne ta ƙofar haraji. Tunda an daina karɓar wuri, dole mai gida ya nemo sulallan Bature, kuma gyaɗa ce hanya mafi kusa. Shi ya sa da farashi ya karye a farkon shekarun 1930, ya faɗi da fiye da rabi, noman bai ragu ba sai ma ƙaruwa. Haraji bai sauka daidai da farashi ba, don haka wanda a da buhu biyu ke fitar da shi, yanzu sai ya kawo huɗu.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe tun daga nan: duk bunƙasar da aka samu a shekaru sittin na farko ta faɗin gona ce. Aka kai layin dogo Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964, motocin lori suka shiga inda jakuna da raƙuma ke wahala, sabbin garuruwa suka shigo noman. Abin da hekta ɗaya ke bayarwa kuwa bai wani motsa ba. Fartanya ce, irin gida ne, taki kaɗan.

Lokacin yaƙin duniya na biyu Ingila ta karɓe sayen amfanin gonar Afirka ta Yamma baki ɗaya ta hannun wata hukuma da ta kafa a 1942. Da aka gama yaƙi ba a saki ba. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya, a 1954 kuma aka raba hukumomin bisa yankuna, gyaɗa da auduga suka koma ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa.

A wannan tsakanin ne dala ta yi suna, kuma dalilinta ba abin alfahari ba ne sosai. Daga Kano zuwa Legas fiye da kilomita 1,100 ne a kan layi ɗaya siriri, kuma bayan yaƙi reluwe ba ta da isassun injuna da taragu. Gyaɗa na shigowa cikin wata uku zuwa huɗu na kaka, jirgi kuma ba zai iya kwashe ta ba sai a shekara ko fiye. Sai aka riƙa jera buhuna a fili, a Ƙofar Mazugal da Birged da Malam Madori da sauransu, wata dalar har buhu dubu 15, a lulluɓe da tamfol. Siffar dala tana sa ruwan sama ya zurare, amma ƙwari na ɓarna a ciki, har sai an rufe an yi feshin hayaƙin guba. Gyaɗar da ta kwana biyu a dala manta yana tsami, darajarta na raguwa a Turai. Ƙwarewar lebura masu hawa da buhu a ka har ƙololuwa abin jinjina ce. Amma tsayin dala yana auna gazawar sufuri ne kamar yadda yake auna yawan noma.

Ga yadda hukumar ke aiki. Kafin kaka sai ta sanar da farashin tan guda na shekarar. Ba wanda ke da ikon fitar da gyaɗa waje sai ita. Tana ba manyan 'yan kasuwa lasisin saye, su kuma suna da ƙananan wakilai da 'yan baranda a kasuwannin ƙauye. Mai lasisi ya saya, ya zuba a buhu, malaman duba amfanin gona su tantance su buga hatimi, ya kai tashar jirgi, hukuma ta biya shi farashin da ladansa. Ita kuma ta sayar a Turai da farashin duniya. Hujjar da aka bayar mai kyau ce: a shekarar tsada a ajiye rara, a shekarar faɗuwa a cika wa manomi. Sai dai ajiyar ta fi cikon yawa nesa ba kusa ba. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner, wanda ya bi alƙaluman hukumomin daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, ya nuna cewa idan aka haɗa rarar hukuma da kuɗin fito da harajin sayar da amfanin gona, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata manomin gyaɗa ya samu bai isa gare shi ba. Wato cikin kowane buhu huɗu, ɗaya na gwamnati ne, ban da harajin En'e da yake biya, ban da abin da ɗan baranda ke ci a sikeli.

Ba zan ce kuɗin nan duk iska ta kwashe ba, don ba gaskiya ba ne. Da rarar gyaɗa da auduga gwamnatin Sardauna ta samu ƙarfin kafa hukumar raya Jihar Arewa, da masaƙar Kaduna a 1957, da Bankin Arewa, da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da tallafa wa binciken noma a Samaru. Ƙasar da ba ta da masana'antu ba ta da inda za ta samo jari sai gona, kuma ƙasashe da dama haka suka fara. Inda nake ganin kuskure shi ne rabon: abin da aka mayar cikin gonar da ta haifi kuɗin ya yi kaɗan ƙwarai. An tatsi saniya an gina birni da nonon, ba a ƙara mata dusa ba.

Wani aikin hukumar da ba a cika tunawa ba, kuma ya cancanci yabo, shi ne na inganci. A da a turmi ake ɓare gyaɗa, ƙwayar na farfashewa, kuma fasasshiyar ƙwaya ta fi saurin tsami da fumfuna. A shekarun 1950 hukumar ta sa ƙarin kuɗi ga buhun da yawancin ƙwayarsa lafiyayya ce, sai injin ɓara na hannu ya bazu a ƙauyuka cikin 'yan shekaru, maƙera ma suka koyi ƙera shi. Ba a tilasta wa kowa ba, farashi kawai aka gyara. A tsakiyar shekarun 1960 hukumar na sayen kusan tan miliyan ɗaya a kaka guda, Najeriya kuma ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Rushewar ta zo cikin shekara goma, kuma masifu ne suka hau kan juna. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar Fatakwal, ya raunana reluwe. Farin 1972 zuwa 1974 ya fi tsanani a daidai yankin da gyaɗa ta fi yawa, mutane suka cinye iri, suka koma hatsi. A 1975 cutar kuturun gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka kimanin hekta dubu 700 a Arewa. Cutar ta fi kama gonar da aka yi latin shuka kuma aka shuka da tazara mai yawa, wato daidai halin manomin da fari ya bari da iri kaɗan. Amma fari da cuta suna wucewa. Abin da ya hana gyaɗa komawa kasuwar duniya shi ne man fetur, ta hanyar da ba kowa ke lura da ita ba.

Tsakanin 1973 da 1974 farashin gangar mai ya tashi daga kimanin dalar Amurka uku zuwa kimanin goma sha biyu. Kuɗi ya cika baitulmali, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka buɗe kwangiloli a birane, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 1975. Ladan ɗan ƙodago ya tashi, domin saurayin da zai yi maka noma yana iya zuwa Kano ko Kaduna ya yi leburanci a ginin gwamnati. Naira kuwa, wadda aka fito da ita a 1973, an riƙe ta da ƙarfi, har a 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba. A ɗauki misali don a ga illar: a ce tan guda na gyaɗa dala 500 ne a Turai. In dala kwabo 60 ce, naira 300 ke nan kafin a cire kuɗin jirgi da buhu da lada. Da an bar dala ta kai naira ɗaya da kwabo 20, da wannan tan ɗin naira 600 ne. Kuɗin noma ya ninka da naira, kuɗin sayarwa ya tsaya cik da dala. Wannan haraji ne da ba a rubuta a kowace doka ba, kuma ya fi na hukumar ciniki nauyi. Gwamnatin Gowon ta karɓe yanke farashi daga jihohi a 1973, ta ɗaga shi, ta sassauta kuɗin fito, amma ƙarfin naira ya cinye sassaucin. Manomi ya ga mata masu ƙuli-ƙuli da masu matsar mai sun fi hukuma saye da daraja, sai ya daina kai mata. Daga tsakiyar shekarun 1970 fitar da gyaɗa ya tsaya kusan ƙaf, masana'antun mai na Bompai suka koma neman abin matsa.

Kada a ce duk ƙasar da ta samu mai haka take ƙarewa. Indonesiya ta samu irin wannan garaɓasa a lokaci guda, ita ma soja ke mulki, ita ma akwai cin hanci. Amma a Nuwamban 1978 ta karya darajar kuɗinta da gangan, daga rufiya 415 zuwa 625 a dala, don kare masu noma da masu fitar da kaya, ta sake yi a 1983 da 1986. Ta zuba kuɗin mai a madatsun ƙauye da hanyoyin karkara da taki da irin shinkafa, ta kuma tsayar da farashin da ba za a saya ƙasa da shi ba. A 1984 ta ciyar da kanta da shinkafa. Mu ma mun kashe kuɗi a noma, ba a musu: shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, hukumomin raya koguna, ayyukan raya karkara na Funtuwa da Gusau da Gombe, juyin noma na Shagari a 1980, da rangwamen taki mai yawa. Sai dai yawancinsa ya tafi a manyan madatsu da injuna da alkama, kuma duk wannan lokaci canjin kuɗi na sa shinkafa da man girkin waje sun fi na gida araha a kasuwar Sabon Gari.

'Yan'uwanmu na Nijar sun bi hanya mai kama da wannan. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram da Magarya ita ce fiye da rabin abin da ƙasar ke fitarwa a shekarun 1960, ta hannun kamfanin SONARA da aka kafa a 1962. Faransa na saye da farashin gata, da ta janye shi a ƙarshen shekarun 1960 farashin manomi ya faɗi, fari ya biyo baya, yuraniyom na Arlit ya fara fita a 1971, hankalin gwamnati ya koma can. A duk tsawon lokacin buhuna na tsallaka iyaka da dare, wani lokaci kudu wani lokaci arewa, gwargwadon inda farashi da canjin sefa suka fi daɗi. Jami'ai na kiran abin fasa-ƙwauri, amma shi ne ma'auni mafi gaskiya na wace gwamnati ce ta fi matse manominta a wannan shekara.

A 1977 aka sake fasalin hukumomin suka zama na tarayya, a 1986 kuma gwamnatin Babangida ta rushe su gaba ɗaya a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, naira ta faɗi zuwa kusan huɗu a dala. Ta fuskar farashi manomi ya samu sauƙi, noman gyaɗa ya farfaɗo. Amma an rushe gidan ne da duk abin da ke ciki. Tantance inganci, ƙarin kuɗi ga ƙwaya mai kyau, raba iri, duk suka tafi, ba a ɗora wa kowa su ba.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne a yau Najeriya na noma gyaɗa fiye da zamanin dala. Alƙaluman shekarun nan na nuna kimanin tan miliyan huɗu da ɓawonta a shekara, tana bin Sin da Indiya. Ba a ganinta a jibge ne saboda mutum miliyan 55 na ƙidayar 1963 sun haura miliyan 200, kuma lori na kwashe ta daga Dawanau cikin kwana biyu zuwa inda za a matse ta ko a soya. Matsalar tana cikin hekta: har yanzu kimanin tan ɗaya take bayarwa, alhali manomin Sin na samun fiye da uku, na Amurka fiye da huɗu. Shekara ɗari muna ƙara faɗi, kuma yanzu daji ya ƙare, abin da ya rage na makiyaya ne da ake rikici a kansa.

Kasuwar waje kuma ta sa sharaɗin da babu shi a zamanin Ɗantata. A farkon shekarun 1960 aka gano gubar aflatoksin bayan talo-talo kusan dubu 100 sun mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Yau Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce kashi huɗu cikin biliyan na wannan guba. Fumfunar da ke haifar da ita tana shiga ne in ruwa ya ɗauke makonni uku zuwa huɗu kafin cira, ko gara ta huda kwanso, ko fartanya ta fasa shi, ko aka shanya a ƙasa tsirara, ko aka yayyafa ruwa don sauƙin ɓara ko ƙarin nauyi, ko aka ɗura a buhu danshinta bai sauka ƙasa da kashi takwas ba. Maganin kowane sananne ne: shuka da ruwan farko da iri mai saurin nuna, shanya a tamfol da kwanso a sama, tsince ruɓaɓɓu, da watsa Aflasafe, maganin da ke danne fumfunar mai guba, kilo goma a hekta makonni biyu zuwa uku kafin fure. Amma manomi ba zai yi wannan ɗawainiya ba in tiyar mai tsabta da mai guba kuɗinsu ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne inda ruɓaɓɓiyar da aka tsince ke zuwa: ana sayar da ita da araha, ta koma ƙuli-ƙuli da yaji, 'ya'yanmu su ci, ga shi gubar na da alaƙa da sankarar hanta da tsumburewar yara. Na'urar gwaji a manyan kasuwanni da farashi mai hawa biyu, irin wanda ya kori turmi a shekarun 1950, aikin hukuma ne da ba ya buƙatar ta mallaki buhu ko ɗaya.

Sai batun iri, wanda nan ne kasuwa ke gazawa da kanta. Samaru tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, sun fitar da irin da ke jure kuturu, SAMNUT 21 zuwa 23 a 2001, da SAMNUT 24 mai nuna cikin kusan kwana 90 a 2011, amma yawancin gonaki har gobe tsohon iri ake shukawa. Dalilin lissafi ne. Hekta ɗaya na masara kilo 20 na iri ya ishe ta, ta ba da ninki ɗari. Hekta ɗaya na gyaɗa na cin kilo 80 zuwa 100 na ɓararre, ta ba da kamar ninki takwas, ga shi irin na saurin mutuwa da zarar an ɓare shi, ga manomi na iya ajiye nasa ba sai ya dawo saye ba. Kamfanin iri ba ya ganin riba a nan. Jihar da ke son sauya iri a hekta miliyan ɗaya tana buƙatar aƙalla tan dubu 80. In ta fara da tan goma na irin tushe daga Samaru, damina ta farko ta ba ta tan 80, ta biyu 640, ta uku kimanin dubu biyar, wanda zai shuka hekta dubu 50 zuwa 60 kawai, kuma wannan in an ba masu ninka irin takin supa a kan kari, an kuma saye shi hannunsu da kuɗi kafin buƙata ta sa su kai shi kasuwa. Wa'adin gwamna guda ke nan ya tafi, sai fa in an haɗa da noman rani a Kadawa da kwarin Haɗeja a riƙa zagaye biyu a shekara.